Katuna Bakwai da Baba Ya Bari a Tsaye

Kafin ƙarfe bakwai na safe Baba Mai Kati ya jingine kekensa a jikin tankin ruwan asibitinmu, ya buɗe ɗan ɗakinsa da ba ya cin mutum biyu. Sai ya goge gilashinsa da bakin riga, ya jawo durowar farko. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki. Ni kuwa shekara goma sha huɗu ina karɓar katin marasa lafiya daga hannunsa, ban taɓa tambayarsa yadda yake yi ba. Haka muke mu likitoci: in ba farar riga ce a jikinka ba, ba mu cika ganinka ba.

Ashe Baba yana da dabararsa. Wanda ya dawo ranar da aka ba shi, sai ya kwantar da katinsa cikin 'yan'uwansa. Wanda bai dawo ba, sai ya tsayar da nasa, kansa ya leƙo sama. Ranar Laraba in an tashi, ya kwashi na tsayen ya zuba a aljihu, ya hau keke ya bi su gida-gida. Ba wanda ya sa shi, ba kuma takardar da ta ce aikinsa ne.

Babbar nas ɗinmu ta ba ni labarin wani direba mai ciwon suga da ya riƙa ɓuyar masa. Baba ya samu benci a ƙofar gidan ya zauna, har mutumin ya gaji ya fito.

"Haba Baba, kai ba ka gajiya ne?"

"Na gaji mana, shi ya sa na zauna. Ɗauko takalminka mu tafi."

Kai ne, Baba, uban masu saɓa alkawari, wanda ya san ƙofar kowa da karen kowa. Mu muna rubuta magani, kai kana kawo mai sha.

Sai gyaran tsarin lafiya ya zo, kuma da ni a cikin kwamitin. Muka ce a koma kwamfuta, a riƙa tura wa mara lafiya saƙon tuni a waya. Har gobe ina cewa tsarin yana da kyau, kati ba ya ɓata, layi ya ragu. Amma mun yi shekara biyu muna zama a ɗaki mai sanyi, ba wanda ya taka zuwa ɗakin Baba. Da aka zo soke gurbin mai ajiye kati, na sa hannu ban ko ɗaga kai ba.

Ranar da zai tafi ya tsare ni a baranda. "Likita, akwai katuna bakwai a tsaye."

"To Baba, za a duba."

Wata huɗu ban duba ba. Kujera na shiga nema a sito, na ga durowar Baba an jefar da ita a kusurwa, kawunan katuna bakwai suna leƙowa cikin ƙura. Na kwashe su, na bi adireshin da Baba ya rubuta a bayansu. Shida na same su, wasu da sauƙi, wasu a jigace. Ta bakwai wata dattijuwa ce mai hawan jini, muna ce mata Inna Tela. 'Yarta ce ta fito. Keken ɗinkin Inna yana zaure an lulluɓe shi da zane.

"Yau kwana goma sha biyu da rasuwarta," in ji ta.

Na ce ai mun tura saƙo har sau uku. Ta ce lambar ta yayanta ce, shi kuwa yana wani gari. "Likita, Inna ba ta karatu. Da maganin ya ƙare na ce mu je asibiti, ta ce a'a, lokaci bai yi ba. In ya yi, Baba Mai Kati zai zo."

Na sha faɗa wa mutane mutuwa ban yi kuka ba. Ran nan sai da na ajiye mota a gefen titi.

Na kai wa Baba katin har gida. Ya goge gilashi, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya kwantar da shi a kan tabarma. Na so ya yi mini faɗa, bai yi ba. Ya ce, "Allah ya jiƙanta. Sauran shidan fa, sun dawo?"

Sun dawo, Baba. Na gode, Allah ya saka maka da alheri, ka kuma yafe mini. 'Yan'uwana likitoci da masu tsara mana doka, kafin ku soke gurbin kowa, ku taka zuwa ɗan ɗakinsa ku tambaye shi abin da yake yi ranar Laraba. Ni sai da aka binne Inna Tela na tambaya.