Gishiri a Kan Ƙanƙara

Akwai wani sauti da firji ke yi idan an ɗauke wuta. Injin ya ɗan girgiza, kwalaben da ke jikin ƙofa su kaɗa juna, sai ɗakin ya yi tsit. Mai yiwuwa kai, mai karatu, ba ka taɓa kula da shi ba, kuma babu laifi. Ni kuwa ko ina tsakiyar magana a ofis, in na ji shi sai yawun bakina ya ƙafe, sai na ga tsakar gidanmu na cikin tsohon gari, bayan Ƙofar Atiku, a farkon wata damina da ta wuce da daɗewa.

Ina 'yar firamare aka gano ina da ciwon suga, irin wanda ke kama yara, wanda ba ya jin ƙwaya sai allura safe da yamma. Maganin, insulin, yana zuwa ne a 'yar kwalba da ba ta kai babban yatsa ba, ruwan cikinta fari-fari kamar nonon da aka tsinka. Inna ke yi mini allurar. Takan murza kwalbar tsakanin tafukanta har ruwan ya haɗu, ta yi bisimilla, ta soka mini a cinya. Abin da ta riƙe daga bakin likita guda ne: a ajiye shi wuri mai sanyi. Don haka Baba, wanda ke sayar da yadi a kasuwa, ya kawo ƙaramin firji ya kafa a ɗakinta, aka hana kowa buɗe shi ba dalili.

Mu da Kaka muke zaune, mahaifiyar Baba, sai kuma Gwaggo, yayarsa, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma tun ina rarrafe ta ɗauke ni tata. Sana'arta sanyi ce. Tana da babbar firiza a rumfa, tana ƙulla zoɓo da kunun aya a leda su daskare, a kai ƙofar makaranta cikin kula, akwatin robar nan mai riƙe sanyi. Tana da wata dabara da take alfahari da ita: takan farfasa ƙanƙara a cikin kular, ta barbaɗa mata gishiri da hannu biyu, sannan ta binne ledojin. Kayan wasu kan narke kafin azahar. Nata kuwa har la'asar sai ka sa haƙori. Saboda ciwona ba na shan komai daga ciki, sai ta riƙa ƙulla mini nawa dabam, zoɓo zalla ba sukari, mai tsami har kunne.

Ranar da abin ya faru, tun hantsi garin ke tafasa. Bayan la'asar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, da wani ja-ja a gindinsa. Iska ta fara zuwa, ta kwashe shanya da faifai. Daga nan muka ji kamar ana zazzage tsakuwa a kan kwanon rufi. Ƙanƙara ce. A tunanina ta kai ƙwan zabuwa, ko da yake idon yaro yakan ƙara wa abu girma, don haka kada ka riƙe ni a kan wannan. Abin da na tabbata shi ne ba ma jin maganar juna, ina dai ganin leɓen Kaka yana motsi da salati. Can sai wata ƙara ta tashi daga bakin titi, wuta ta ɗauke.

Ɗauke wuta ba labari ba ne a wurinmu. Mun fita tsakar gida muna tsintar ƙanƙara a kwano muna tsotsa, ƙasa na ƙamshi. Sai da Baba ya shigo, wandonsa duk taɓo, muka san wannan dabam ce. Babbar darbejiyar bakin hanya ta faɗo kan taransifoma, falwayoyi sun kwanta a jere, wasu gidajen ma rufinsu ya tafi. Ya ce ba unguwarmu kaɗai ba ce, kuma ba mai iya cewa ga ranar da za a gyara. Yana maganar yana kallon ƙofar ɗakin Inna.

Washegari zafi ya dawo, mai gumi, irin na bayan ruwa. Kafin azahar cikin firji ya zama kamar cikin akwati. Muna da ɗan janareto, amma fanka da ƙwan lantarki kawai yake iya ɗauka, shi ma ruwa ya shige shi. Inna ta fito da kwalabe biyun da muke da su, wadda ake amfani da ita da ta ajiya, ta tsaya da su a hannu a tsakar gida, ta rasa inda za ta sa su.

"Kawo nan," in ji Gwaggo. "Ina da rai maganin ɗiyata shi lalace?"

Ta buɗe firizarta ta kwashe ledojin zoɓo gaba ɗaya, ta ce a raba wa yaran maƙwabta. Sauran manyan ƙanƙarar da ke ƙasa ta farfasa su cikin kula, ta zazzage gishiri mai yawa, fiye da yadda take yi wa kayan sayarwa. Ta naɗe kwalaben a leda, ta tura su can tsakiya, ta rufe, ta lulluɓe da bargo. Na tuna yadda Inna ta sauke numfashi. Na tuna Baba ya ce, "Allah shi saka, Yaya." Babu wanda ya ga wani abu a ciki sai alheri, kuma ina ganin da kai ma kana wurin, haka za ka gani.

Da yamma da aka ciro kwalbar, ruwan ciki ya zama dutse. Inna ta riƙe ta a hannu har ta narke, ta murza, ta sake murzawa. Wasu 'yan gudaji suka maƙale a jikin gilashin, suka ƙi haɗuwa. Ta ɗaga ta sama ta duba, ta dubi Gwaggo.

"Sanyi ne ya kama shi da kyau," in ji Gwaggo. "Ai shi aka so."

Aka yi mini allurar. Aka mayar da kwalbar cikin kula.

Ban iya faɗa maka daidai kwana nawa aka yi a haka ba. Lokacin ba mu da na'urar gwaji a gida, sai an je asibiti ake auna ni. Abin da na sani shi ne ƙishirwa ta fara, wadda ba ta jin ruwa. In sha moɗa guda, kafin in ajiye ta harshena ya sake bushewa. To amma a garin nan, cikin wannan zafi, babu fanka, wa ba ya jin ƙishirwa? Famfo ma ya tsaya tunda babu wutar turo ruwa, kowa na lissafin abin da ya rage a randa. Kaka har tsokanata take yi.

"Ke ƙawata, rijiya kika son shanyewa? Bar muna na alwala."

Na yi dariya, amma ƙafafuna sun yi nauyi. Ina ta zarya bayan gida. Na ɓoye wa Inna ciwon cikin da nake ji, don na ga yadda ta rame da tunani, kuma a ganina ana yi mini allura kan lokaci, me kuma zai faru?

Kaka ce ta gane. Wata safiya ta zagaya bayan na fito, sai ga ta ta dawo da sauri, butarta a hannu ko ajiyewa ba ta yi ba. Ta ga tururuwa sun yi baƙi a inda na tsuguna. Da haka ta fara gane ciwon tun farko, kafin a kai ni wurin likita. Ta kama haɓata ta sunsuni bakina. Fuskarta ta sauya, babu sauran wasa.

"Ku kira ubanta. Wagga yarinya ba maganin da ka shiga jikinta."

Kafin Baba ya iso daga kasuwa na fara amai. Ya ɗora ni a babur, Inna ta zauna a baya ta rungume ni, kwalbar da ake amfani da ita ƙulle a bakin mayafinta. Hanyar da muka saba bi a toshe take. Wayoyin wuta na kwance a kan titi, an jera rassan itace a gefensu, kuma ko da kowa ya san babu wuta a ciki, Baba ya ƙi tsallakawa. Ya juya ya shiga lunguna, taɓo na kama taya. Ina jin bugun zuciyar Inna a bayana. Numfashina ya zama dogo, mai nauyi, kamar na wanda ya yi gudu.

Ya tsaya a kemis ɗin da muka saba saye, ko za a dace da sabuwar kwalba. Mai kemis ya buɗe firjinsa, wani ɗumi ya fito. Ya girgiza kai.

"Alhaji, akwai shi, amma ba ni iya rantse maka bisa gare shi. Ku wuce asibiti, su suna da inji."

In ban manta ba ta Sama Road muka ɓulla. Daga nan abubuwa suka riƙa zo mini guntu-guntu: farin silin, warin magani, wata nas tana neman jijiya a hannuna tana cewa duk sun ɓuya. Aka sa mini ƙarin ruwa. Likitar, wata mace mai siririyar murya, ta karɓi kwalbar daga hannun Inna ta ɗaga ta wajen taga.

"Wannan ya taɓa daskarewa?"

"Ya yi ƙanƙara," in ji Inna, "amma ina bari shi narke kafin in ɗiba."

"In ya daskare ya mutu, Hajiya. Ruwa kawai kike sa mata."

A hankali Inna ta ce, "Ba a gaya muna ba." Ko an gaya mata ranar farko hankalinta ba ya wurin, ko ba a gaya mata ba, wannan ban sani ba, kuma ba na son in ɗora wa kowa. Likitar dai ba ta yi faɗa ba.

Wajen la'asar na fara gane mutane. Baba na tsaye a bakin gado. Sai ga Gwaggo ta shigo ɗakin da kula a ka, gumi ya jiƙa mata riga har baya. Ashe tun da muka fita ta bazama neman ƙanƙara, a ƙasa, unguwa bayan unguwa, har ta samu a wani wuri mai janareto. Ta sake shirya kwalbar ajiyar da sabuwar ƙanƙara da sabon gishiri, ta ɗauko ta kawo, don kada a nemi magani a rasa. Ta sauke kular tana haki, fuskarta da ɗan haske.

"Ga shi nan, ko ɗumi bai ji ba."

Baba ya yi saurin miƙa hannu. "Kawo, Yaya, zauna ki huta." Na gane so yake ya fitar da kular waje kafin wani ya yi magana. Amma nas ɗin ta riga shi. Ta ɗaga murfin, ta ga gishiri fari a kan ƙanƙara, ta ciro kwalbar da ta zama dutse.

"Subhanallahi! Ai ga abin da ya kusa kashe yarinyar nan. Wa ya yi wannan aiki?"

Ba da mugunta ta faɗa ba, ba ta san wa ke gabanta ba. Gwaggo ta dubi nas, ta dubi robar ruwan da ke shiga hannuna, sannan ta dubi tafukanta, waɗanda gishiri da sanyi suka tsattsage.

"Gishirin ne?" ta tambayi Baba.

Baba ya kau da ido. Inna ta sunkuyar da kai. Gwaggo ta zauna a ƙasa a gefen kular, ba ta yi kuka ba, tana nan wurin har aka kira magariba.

Na warke, ga ni ina ba ka labari. Da aka sallame mu har lokacin ba a gyara wuta ba. Likitar ta ce a sa sabuwar kwalbar a ƙaramin tulu, a kafa shi cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa, kuma haka Kaka ta yi a gindin randa har wuta ta dawo. Gwaggo ta ci gaba da sana'arta, ta ci gaba da ƙulla mini zoɓona mai tsami. Amma ba ta sake taɓa maganina ba. Ko Inna ta ce miƙo mini kwalbar can, sai ta kira wani.

Yanzu abubuwa sun sauya, ko in ce wasunsu. Akwai sola a kan rufin gidan, Kaka ta rasu, ni na gama jami'a ina aiki, na'urar gwajina tana cikin jaka duk inda zan je. Na karanta abin da na iya karantawa game da ciwona. Na fahimci cewa da an bar kwalaben nan a inuwa kawai, mai yiwuwa da sun kai mu. Na kuma fahimci cewa ba a iya tabbatar da komai bayan shekaru, don sun sha zafi a mataccen firji kafin su shiga kula.

Da wannan na je wa Gwaggo a bara. Ta tsufa, idonta ya rage gani, tana zaune a rumfar da firizar take a da. Na daɗe ina shirya maganar. Na ce mata wataƙila ba ƙanƙarar ba ce, wataƙila zafi ya riga ya lalata maganin, wataƙila ma tun daga kemis ba shi da kyau, babu wanda zai iya cewa tabbas. Ta bar ni na gama jero wataƙilata duka. Sannan ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Ke da boko, komi wataƙila," ta ce. "Ni naz zuba gishirin, ɗiyata. Bar ni da abina. Kin yi allurar yamma?"

Na ce ban yi ba tukuna. Ta sake mini hannu, ta ce in tashi in je in yi.