Sista Mai Agogo da Takardar Juya Majinyata

Shekara ashirin da shida na yi a ɗakin ajiyar fayil na asibitinmu, ƙarƙashin matakala, ɗaki mai taga ɗaya wadda ba ta buɗuwa. Duk takardar da aka rubuta a kan marar lafiya a hannuna take ƙarewa. Saboda haka na san rubutun kowace nas, na kuma san wadda ke rubuta abin da ta yi da wadda ke rubuta abin da ya kamata a ce ta yi. A kashi na farko mutum ɗaya na sani, ita ce Sista Mai Agogo.

Ba ta da kyau, ba ta da daɗin baki. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, damatsanta kamar na mai dakon kaya. Sunan ya samo asali ne daga wani agogon maza da ta cire wa maɗauri ta maƙala a ƙirjin rigarta. Na mahaifinta ne. Shi ne ya kwanta wata bakwai bayan ɓarin jikinsa ya shanye, tana 'yar shekara goma sha biyar, kuma ba shanyewar ce ta kashe shi ba, gyambon da kwanciya ta huda masa a kwankwaso ne. Sau ɗaya ta taɓa ba ni labarin, tana cin abinci a tsaye. Ta ce, "Dunƙulen hannuna yana shigewa cikin ramin."

Mijinta direba ne, ya rasu da wuri ya bar mata 'ya'ya uku. Ƙaramar takardar jinya ce da ita, ba ta samu komawa makaranta ba, don haka 'yan matan da ta koya wa ɗaura bandeji suka riƙa tafiya ƙaro karatu suna dawowa a matsayin shugabanninta. Aka bar mata ɗakin mata na sama, gado goma sha takwas, ɗakin da kowa ke gudu. Tsofaffi ne masu karayar ƙugu da masu shanyewar jiki, waɗanda ba sa iya juya kansu. Mutum in ya daɗe kwance a gefe ɗaya, fatar da ƙashi ya danne takan yi ja, ta yi baƙi, ta fashe. Maganin abin a riƙa juya shi. Dokar asibiti ta ce duk bayan awa biyu, kuma akwai takarda a ƙafar kowane gado inda nas za ta rubuta lokacin da ta yi juyin ta sa hannu.

Takardun sauran ɗakuna in sun sauko wurina, gwanin sha'awa. Takwas, goma, sha biyu, biyu, huɗu, a jere kamar haƙoran mataji. Biro ɗaya, hannu ɗaya, kana gani ka san a zama ɗaya aka cike su, ana dab da tashi daga aiki. Na Sista kuwa kamar an watsa tsakuwa. Takwas da minti goma. Tara saura kwata. Sha biyu da rabi. Ita ba ta bin awa biyu. Da safe takan bi gadajen ɗaya bayan ɗaya, ta zura tafin hannunta ƙarƙashin kowace mace, ta taɓa kwankwaso da diddige da allon kafaɗa. Inda ta ji ɗumi ya fi na sauran jiki, ko ta danna da yatsa jan ya ƙi gushewa, to wannan matar ba za ta cika awa ɗaya a wannan gefen ba. Mai tsoka da lafiyayyar fata kuma, wadda ciwo ya hana barci sai yanzu ta samu, takan ƙyale ta ta yi awa uku, har huɗu. Duk juyin da ta yi sai ta kalli agogon ta rubuta abin da ya nuna mata.

In na kai fayil sama nakan ji ta da su.

"Inna, tashi mu yi rawa."

"Ke 'yar nan, ki bar ni in mutu a gefen da nake so."

"Mutuwa kya mutu, amma ba da rami a ɗuwawu ba. Kama wuyana. Kama da kyau mana, sai ka ce bashi na zo tambaya."

"Ja'ira. Hannunki kamar ƙanƙara."

"Naki bakin kamar reza. Yauwa, ɗaga ƙafar."

Akan yi shekara cur gyambo bai buɗe a ɗakinta ba. Kowa ya sani. Ba wanda ya rubuta, don takardar ba ta da gurbin abin da bai faru ba.

Ana haka wata malama ta zo daga jami'a, tana neman digirinta na uku. Bincikenta a kan yadda ma'aikatan jinya ke bin dokar juya majinyata ne. Ba muguwa ba ce, har durƙusawa take yi in za ta gaishe ni. Aka ce in fito mata da takardun wata shida na ɗakuna huɗu. Ni na fito da su, ni kuma na zauna kusa da ita ina karanto lokutan tana shigarwa a kwamfuta. Ƙa'idarta ɗaya ce: in tsakanin juyi da juyi ya wuce awa biyu, an saɓa doka.

Rana ta uku na kasa haƙuri. Na ce, "Malama, waɗannan masu kyan duk ƙarya ce. Ki hau sama ki ɗaga zani ki ga bayan mutane."

Ta ce, "Mama, na gane nufinki. Amma izinin da aka ba ni na duba takardu ne, ba na duba jikin majinyata ba. Wancan sai an sake nema, wata takwas ake jira."

"Ɗaga zanin ne sai an jira wata takwas?"

Ta yi dariya, ta ce ina da ban dariya. Na ci gaba da karanto mata. Ban sake ɗaga maganar ba, ban kuma hau na gaya wa Sista abin da ake ƙullawa ba. Wannan nawa laifin ne.

Rahoto ya fito. Ɗakuna uku sun samu casa'in da takwas zuwa ɗari cikin ɗari. Ɗaki na huɗu ya samu arba'in da ɗaya. Ba a ambaci sunan kowa ba, amma asibitin da mai shara ma ya san wace ce ke ɗaki na huɗu, ɓoye suna aikin banza ne. Shugabar ma'aikatan jinya ta kira Sista ofis. Ita ma a hannun Sista ta fara koyon aiki. Ina tsaye a wurin da fayilolin a ƙirjina.

"Yaya Sista, zauna mana."

"Mutum shida ke jiran juyi. Faɗi abin da za ki faɗa."

"Rahoton nan ya kai sama. An ba da wata uku. In takardun ɗakinki ba su gyaru ba, za a mayar da ke ɗakin ajiyar zannuwan gado, a ba wata ɗakin."

"Mutum nawa suka yi gyambo a wurina bara?"

"Ba shi aka bincika ba."

"Ɗakin maza na ƙasa fa, masu ɗari bisa ɗari? Jiya na wuce ta ƙofarsu, sai da warin ya raka ni har famfo."

"Yaya, ni ba na jayayya da hannunki, ke kika koya mini. Ki dai rufa mini asiri, ki riƙa juya su duk awa biyu yadda doka ta ce."

"Mu biyu ne a kan gado sha takwas. In na tsaya juya wadda ba ta buƙata, wadda ke buƙata ta ruɓe. Kin fi kowa sani."

Shugabar ta kalli teburinta. Ta ce, "To a dai ga awa biyu a takarda."

"Wato in yi ƙarya."

"Ni ban ce ba."

"Ba ki ce ba. Ai ba a banza aka ba ki kujerar nan ba."

Wata guda ta yi tana taurin kai, takardunta suna saukowa yadda suka saba. Sai wata rana da tsakar rana ta shigo ɗakina, abin da ba ta taɓa yi ba, ta zauna a kan kwalin tsofaffin fayiloli.

Ta ce, "An nuna mini wadda za a ba ɗakin. Na ga farcenta. Mai irin wannan farce ba ta zura hannu ƙarƙashin tsohuwa."

Na ce, "To ki yi yadda kowa ke yi mana. Takarda ce kawai, ni kaɗai ke karanta ta, sai ɓeraye."

"Shekara talatin da ɗaya ban sa hannu a kan abin da ban yi ba."

"Sai ki zaɓa. Ko sa hannunki, ko bayansu."

Ta harare ni kamar ni na kafa dokar. Can ta ce, "Miƙo mini ta ɗakin ƙasa guda ɗaya, in ga yadda ake yi."

Mako na gaba takardunta suka sauko. Takwas, goma, sha biyu, biyu, huɗu. Juyi kuwa ba ta fasa yin sa yadda tafin hannunta ya gaya mata ba. Sai dai ta rasa abin da takardar ke yi mata a da. Da can in abokiyar aikinta ta karɓe ta, tana duba lokutan ta san wace ce fatarta ke neman lalacewa. Yanzu sai da baki, a tsaye, a gurguje, kuma abin da aka faɗa da baki yakan zube a hanya. Sista ta koma ƙara awa ɗaya bayan lokacin tashinta kullum, don kada a manta da wata. Amma an bar mata ɗakinta.

Kafin nan malamar jami'a ta shirya musu bita ta kwana biyu a kan muhimmancin awa biyu, Sista na zaune a layin gaba. Bayan shekara malamar ta dawo, wannan karon da izinin duba jiki, amma na ɗaki na huɗu kaɗai, tunda shi ne ɗakin da aka yi wa gyara. Ta tarar takardu ɗari bisa ɗari, ta ɗaga zannuwa ba ta ga gyambo ko ɗaya ba. Ta rubuta cewa bita ta yi aiki, kuma bin awa biyu sau da ƙafa shi ne ya tsare fatar tsofaffin nan. Ta samu digirinta. Aka ba Sista takardar yabo cikin gilashi, aka kuma yanke cewa ɗaliban makarantar jinya su riƙa zuwa ɗakinta rukuni-rukuni suna koyi da ita.

Ta so ta koya musu. Takan kama hannun yarinya ta tura shi ƙarƙashin majinyaciya, ta ce, "Me kika ji? Nan da nan ɗaya ne?" Wasu su yamutsa fuska, wasu su tambaye ta ko wannan zai fito a jarrabawa. Ba zai fito ba. Abin da zai fito shi ne awa biyu. In yamma ta yi kuma ta zauna cike takardun nan goma sha takwas a zama ɗaya, suna tsaye a bayanta suna leƙe.

Wata safiya da ƙarfe tara ta iske wata ɗaliba, mai hankali ce ma cikinsu, tsaye a ƙafar gadon wata tsohuwa mai shanyewar jiki. Ɗalibar ta cike takardar ranar tun daga takwas na safe har huɗu na yamma, ta sa hannu a kowane layi. Tsohuwar tana kwance a gefen da ta kwana. Na shigo karɓar fayil, a gabana aka yi.

Sista ta fizge takardar. "Ke! Ƙarfe huɗun ta yi ne? Uban wa ya koya miki wannan?"

Yarinyar ba ta yi rashin kunya ba. Ta ce, "Sista, ai haka na ga kina yi. Ni dai na ce in rage miki aikin yamma ne."

Sista, matar da ba a taɓa kayar da ita a magana ba, ta mayar da takardar ƙafar gadon, ba ta soke ko layi ɗaya ba. Ta sunkuya ta ce wa tsohuwar ta kama wuyanta, ta juya ta ita kaɗai. Kwankwason ya riga ya yi ja. Kwana tara ta yi a kan wannan wurin kafin ya koma daidai.

Daga ranar ba ta sake kama hannun wata ɗaliba ba. In sun zo sai ta nuna musu inda biro yake, ta shiga aikinta. Ta riƙe ɗakin shekara biyu da wata huɗu, har ta yi ritaya, kuma gyambo bai buɗe a hannunta ba. Ta rasu bara a gidan babbar 'yarta, kwana uku kawai ta yi a kwance. Allah ya jiƙanta.

Yarinyar nan ita ke riƙe da ɗakin yanzu. An ce ba a taɓa samun kuskure a takardunta ba.