Gawon Gonar Baba

Gawo ɗaya ya rage a gonarmu ta Hamdara, kuma a kansa na yi shekaru ina sa-in-sa da Inna. Lokacin da Baba ke da rai, ko reshe ba ya bari a taɓa. Hatsin gindin gawon ya fi na ko'ina kauri, awaki kuma 'ya'yansa suke ci har rani ya wuce.

Ni malamin lakol ne, wato makarantar boko, a Zinder. Nakan zana wa yara rana da gaz da gawayi a allo, in faɗa musu wanne ya fi ɓarna. A allo abin ba wuya. Ranar da na tarar an sare reshen farko an kai murhu, raina ya ɓaci ƙwarai. Na koma birni na sayo butel ɗin gaz, tulun ƙarfen nan da ake ɗora tukunya a kansa, na ɗoro shi a motar Mirriya, na dire shi gaban Inna, ina jin magana ta ƙare.

Ta gwada, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma tuwon babban gida ba shayi ba ne. Tuƙinsa sai tukunya ta zauna daram a kan duwatsun murhu, mace ta sa ƙarfinta duka. Inna na danna muciya, tukunya da butel suka kife tare, talge ya ƙona mata ƙafa. Daga ranar butel ya koma na dafa shayi. Da gaz ɗin ya ƙare kuwa, na zaga Zinder neman wani har na haƙura.

Na ce to a ƙona kara. Ƙanena da ke noman gonar ya ce in aka kwashe kara, iska ƙasar za ta kwashe. Na ce kashin shanu fa? Ya ce, "Yaya, gonar kuma ta ci me?" Gawayi dai itace ne da aka sare a garin wasu. Duk inda na juya, sai an kashe wani abu kafin tukunya ta tafasa. Wallahi na gaji.

Bara da rani na je gida, na biya ta gona. Gawon ya zama kututture da 'yan rassa a ka. Na shigo ina huci. Inna ta ajiye mini tuwo da miyar kuka. Yunwa nake ji, na ci na suɗe hannu, sannan na fara.

"Inna, yanzu gawon Baba ma sai an ga bayansa?"

Ta dubi kwanon, ta ce, "Tuwon ya dahu?"

Na ce ya dahu.

"To da shi aka dafa. In ƙaro maka?"

Na miƙa mata kwanon. Ta ƙaro, na kuwa ci.