Agogon da Ya Sa Gari Ya Sha Ruwa da Rana

Kafin in zama wadda ake nunawa da baki, ni yarinya ce da ko ido ba ta iya ɗagawa gaban manya. Na gama sakandare a Faskari, na dawo Sheme ina taya Inna tuyar ƙosai a bakin titi. Ƙannena, ku saurare ni.

Kusa da mu akwai mai teburin agoguna, Oga kawai zan kira shi. Ya ga ina karanta Turancin jikin kwali, ya ce, "Ke 'yar boko, zo ki ga abin mamaki." Ya ɗora mini agogo a tafin hannu. A fuskarsa akwai 'yar taga, ciki wani ɗan zobe ruwan zinariya yana kaiwa yana komowa kamar numfashin jariri. Ba ya cin batir, murɗa shi ake yi. Na yi ta kallo har ƙosai ya ƙone.

Sunansa tubilan. Na gasken, in ji Oga, ɗan keji ne ke juyawa da zuciyar agogon a ciki don kada lokaci ya karkata. Namu na kwaikwayo ne, taga kawai aka huda, zoben na rawa wuri ɗaya. "Amma wa ya sani a nan? Ke dai faɗi sunan da Turanci."

Na fara taya shi sayarwa, ina sa hotunansu a waya, masu saye suka riƙa zuwa daga Ƙanƙara har Sabuwa. Ina barci ina mafarkin zoben nan, wai ya zama ƙofa, na shiga na fito a wani birni mai fitilu. Da na lura agogunan gudu suke, kullum suna ɗan wuce lokaci, ban faɗa wa kowa ba. Kowace safiya sai in saita su da wayata kafin mutane su iso.

Ana gab da azumi wani direba ya zo daga wani ƙauye bayan Tafoki. Mahaifinsa ne ladanin garinsu, idonsa ya daina ganin nesa, ba ya kuma taɓa waya, shi ya zo saya wa agogo. Ya ce, "Ƙanwata, tsakaninki da Allah, ba ya kuskure?" Na ce, "Yaya, ko rana sai dai ta bi shi. Kada ma a taɓa saitinsa."

Ba su kuwa taɓa ba. Azumin ya faɗo cikin damina. Wani yammaci hadari ya rufe yamma ruf, Baba Ladan ya kai agogo kusa da ido, ya kira magariba. Gari ya sha ruwa, an kai kunu baki. Sai hadarin ya tsage, ga rana ja jawur zaune bisa itatuwa. Ban ga wannan ranar ba, amma ita nake gani duk na rufe ido.

Direban ya kai ƙara, sauran da na sayar wa suka biyo baya. Oga ya naɗe teburinsa ya ɓace. Alƙali ya tambaye ni ko na san na jabu ne, na ce na sani, ya ɗaure ni. A gidan yari ba agogo, inuwar katanga muke bi mu yi salla.

Da na fito Inna ta raka ni ƙauyen. Mun tarar da Baba Ladan a zaure, wani ne yanzu ke kiran salla. Na durƙusa ina kuka.

"Ɗiyata, mi kike ma kuka? Gari ya rama azuminsa. Ni ne dai ko gaisuwa na yi sai an dubi sama." Ya zaro agogon daga aljihu ya miƙo mini. "Na yafe maki. Tafi da abinki, ya cika gaggawa, ni kuwa na tsufa."

Yana nan cikin akwatina, ban sake murɗa shi ba. Na tuba, ina roƙon Allah Ya karɓa. Ƙannena, in kun san abu ba ya faɗin gaskiya, kada ku gyara masa fuska da safe ku miƙa wa mutum. Ni na ɗauka agogo nake sayarwa, ashe muryar wani tsoho na sauko da ita daga kan masallaci.