Hancin Jirgin Kaka Orrin

Kakana Orrin Tveit ya yi aikin lodin tama a tashar jiragen ruwa ta Duluth har gwiwoyinsa suka gaza. Da ya ajiye aiki sai ya tare a gareji yana gina jirage da 'yan tubalan roban nan na wasa. Wanda ya fi cin ransa shi ne jirgin da wansa Nils ya nutse a ciki. Kamfanin tubalan kan yi gasa, ya zaɓi ƙirar wani masoyin tubalan ya sa ta a kwali a kai kantuna. Kaka na so a ga sunan jirgin nan a kanti kafin ya bar duniya, don haka ya sa ƙirarsa a shafin gasar.

Hancin jirgin ne ya ƙi, wato tsinin gabansa. Tubali ɗaya tak ke ba da lanƙwasar, shi kuma don kumbon wani fim aka ƙera shi, lasisinsa na hannun masu fim. Dokar gasa ta hana amfani da shi.

"Sa wani mana, wa zai lura?" in ji kakata Marlys. "Tsofai-tsofai da kai kana kuka kan kayan wasa."

"Ke me kika sani a jirgi? Kwalekwale ma amai yake sa ki."

Sai ya ce ai nasu suka hana, ba nasa ba. Ya danna tubalin ya fitar da mazubi mai siffarsa, ya zuba irinsa da kansa. Mazubin ya kwafe komai, har ɗan sunan kamfani da ke kan tubalin. Kaka ya yi ta alfahari da wannan, ya rarraba tubalan da ya zuba ga 'yan ƙungiyarsu ta masu gini da tubalan.

Ina gefensa ranar baje kolin masoyan tubalan, lokacin da wani mutum mai tsabtatacciyar kwat ya tsaya a teburinmu. Bai faɗi sunansa ba.

"Baba, hannunka na da kyau. In taɓa?"

Ya cire tubalin hancin, ya juya shi a haske, ya shafa rubutun da babban yatsa.

"Kai ka zuba? Su wa ka ba?"

Alton, abokin Kaka, ya take masa ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Kaka bai gane ba, ya shiga jero sunaye yana murmushi. Mutumin bai ko ɗauki hoton jirgin ba. Hoton tubalin ya ɗauka, da na katin sunan Kaka. Ya yi godiya sosai, ya tafi.

Bayan 'yan kwanaki ƙirar ta ɓace daga shafin gasa, ba bayani. 'Yan ƙungiya suka riƙa ajiye tubalan da ya ba su a ƙofar gidanmu cikin leda, ba mai ƙwanƙwasawa. Har Alton.

Kaka ya cire hancin da hannunsa, jirgin na nan a gareji da baki buɗe. Ba wanda ya zo daga kamfanin tukuna. Amma duk sa'ad da wayar gida ta yi ƙara, sai ya riƙe min hannu.

"Bar ta, jikata. Kar ki ɗauka."