Aljihun Teburin Baba Mai Yanka

"Ya sake farke miki ɗinkin?"

"Karo na uku ke nan. Ko kallona bai yi ba, ya sa reza."

"To, jiya da kika yi daidai me ya ce?"

"Me kuwa zai ce? Ya ninke ya ajiye, fuska kamar an aiko masa da mutuwa. Ni dai yau ce ranata ta ƙarshe."

Anti, wadda ta gaji shagon ɗinkin daga mahaifinta, tana bayan labulen gwaji ta ji wannan hira. Teloli uku sun bar ta a bana saboda mutum ɗaya, ga ta huɗu tana shirin bin sahu. Kuma ba kowa ba ce, Walƙiya ce, wadda ta fi kowa hannu a shagon.

Mutumin kuwa shi ne Baba Mai Yanka. Shekara talatin da huɗu yana tsaye a bakin tebur ɗaya, tef a wuya, alli a bayan kunne. Almakashinsa ko ɗan cikinsa bai isa ya taɓa ba. Ya yanka wa yara kayan makaranta, ya zo ya yanka wa 'ya'yansu. A gida ma haka yake: matarsa ta ce tun da suka yi aure bai taɓa yaba girkinta ba, sai dai ya miƙo kwano a ƙara. A wurin wanda ya koya masa sana'a, yabo shi ne a yi maka shiru. Haka ya tashi, haka ya tsufa.

Da aka fita cin abinci, Anti ta same shi yana shata hannun riga.

"Baba, yaran nan fa ba irinku ba ne. In ba a ce musu sannu ba, gani suke an tsane su."

"Uwar ɗakina, ɗinki suka zo koyo ko kirari?"

"Walƙiya za ta tafi."

Allin ya tsaya cak.

"Wace? Mai toshe kunne da waya?"

"Ita."

Sai Baba ya laluba aljihu ya ciro ɗan makulli, ya buɗe aljihun teburin da Anti ta ɗauka tsofaffin reza ne a ciki. Kwalar riguna ce jere, ta fi ashirin, kowace da laƙabin mai ita da alli a ciki. Ashe duk telan da ya fara ɗinka kwala ba tangarɗa, sai Baba ya ɓoye ta, ya yanka wata ya mayar. Har da na ukun da suka tafi. Ta Walƙiya na sama, kuma ita kaɗai ke da biyu.

"Haba Baba! Sun san da wannan?"

"Ni ma sai da maigidana ya rasu na ga tawa."

"Wato ita ma sai ta jira ranar jana'izarka?"

Ya harare ta, amma bai rufe aljihun ba.

Da la'asar Walƙiya ta lulluɓe kekenta, ta rataya jaka, ta zo wucewa. Idonta ya sauka a kan kwala biyu da Baba ya ajiye a tsakiyar teburinsa. Ta gane ɗinkinta. Ta ɗaga ɗaya, ta ga laƙabinta da rubutun Baba mai karkata.

"Baba, ba wannan ce aka ce ta ɓata ba?"

Duk kekunan suka yi tsit. Baba ya gyara murya, ya juya tef a yatsa, ya kalli silin, ya kalli ƙasa. Kalmar da ake jira ta ƙi fitowa. Sai ya turo mata tarin yadin da ya yanka tun safe.

"Kwala arba'in ce, kuma ba na son hannun kowa a kai sai naki. Don Allah, 'yata, sauke jakar nan ki zauna."