Ganyen da Ƙanena Ya Yanke

A tsakar gidanmu na Kurmin Sarki akwai bishiyar mangwaro da maigidana ya tarar a filin tun kafin ya yi gini. Wani reshenta ya sauko ta kan wurin da nake wanke-wanke, har in na yi ɗage ina iya taɓa shi. A kan wannan reshe ne wasu tsuntsaye biyu suka yi sheƙa a wata damina, shekarar da na daina zuwa kasuwa na koma ɗinki a gida.

Har yau ban san sunansu da Hausa ba. Na tambayi tsofaffin unguwa, kowa da abin da ya ce. Bayansu ja ne kamar jar ƙasa, kansu baƙi mai ƙyalli da ɗan tukku, idonsu da zobe shuɗi. Namijin yana da wata doguwar jela da ta fi jikinsa tsawo nesa ba kusa ba, sai na riƙa ce musu masu jela. Sheƙar ba ta kai ƙaramin kofin shayi ba, sun ɗaure ta da saƙar gizo-gizo a inda reshe ya rabu biyu, ƙarƙashin wani cunkoson ganye. In namijin ya kwanta a kan ƙwai, jelar sai ta yi ta lilo a waje.

Ni mutum ce mai yawan damuwa. In na kulle ƙofa sai na dawo na ja kwaɗon na tabbatar. In na kai wa mace ɗinkinta, sai in yini ina tunanin ko na bar allura a jiki. To da na ga ƙwai a saman kaina, sai na kwashe wanke-wanken na mayar bayan ɗaki. Na matsar da murhu don hayaƙi. Na hana yara buga ƙwallo a tsakar gida. Maigida ya dawo daga aiki a Abuja ya tarar an canja wa komai wuri, ya tsaya yana kallo.

"Wai ni kam, ke kika yi ƙwan nan ne?"

"Malam, ka rage murya, tana kwance."

"To Allah ya raya. Sai a faɗa mini ranar suna in sayo rago."

Ƙwan suka ƙyanƙyashe, 'ya'ya uku, tsirara, ba komai sai baki. Abin da na fi tsoro shi ne hankaka. Akwai wasu da ke zuwa bolar bayan layinmu, kuma na sha ganin yadda suke ɗaukar 'yan tsaki. Amma ganyen nan ya rufe sheƙar ta sama, ko da hankaka ya wuce ba ya ganin komai.

Ni da bakina na gaya wa ƙanena. Shi ne autanmu, a hannuna ya tashi bayan rasuwar innarmu. Ya fara da ɗaukar hoton biki a Madalla, daga nan ya haɗu da wasu mutanen Abuja masu fita daji ranar Asabar don kallon tsuntsaye. Abin ya karɓe shi. Ya je Gambiya, ya je Kenya, yana turo mini hotunan tsuntsayen da ban san Allah ya halitta ba. Ni da na tsaya a firamare ban taɓa samun abin da zan nuna masa ba. Ranar nan na samu, na kira shi nan take.

Washegari sai ga shi da kyamara mai baki kamar taɓarya. Ya tsuguna can jikin bango ya leƙa ta cikinta, sannan ya juyo.

"Yaya, kin san abin da ke gidanki kuwa? Akwai Turawan da ke hawa jirgi don wannan."

Ya faɗi sunansu da Turanci, ban riƙe ba. Na ce masa ni dai sharaɗina ɗaya, kada ya matsa kusa, kada ya taɓa komai.

"Haba Yaya, ni za ki gaya wa? Dokar aikinmu ke nan. Ka ɗauki hoto, ka bar wa tsuntsu gidansa yadda ka same shi."

Ya yini yana ɗauka. Ina kan keken ɗinki ina jin tsakinsa. Wai ganye ya tare masa, wai wurin ya yi duhu, wai duk lokacin da uban ya kawo ƙwaro sai wani ganye ya rufe masa ido. Na ce ai ganyen ne rufin ɗakinsu. Ya yi dariya ya ce na zama farfesa.

Kashegari akwai suna a Madalla, ƙanwar maigida ce ta haihu. Na riga na yanke ba zan je ba, zan aika da kayan barka in ba da haƙuri. Ƙanena ne ya hana.

"Ki ce wa dangin miji me? Kina renon tsuntsu? Tashi ki shirya. Ga ni nan zaune, hankakan da ya isa ya zo."

"Ba za ka fita ba?"

"Ko ƙofar gida."

"Ba za ka matsa kusa ba?"

"Yaya, kin tambaye ni jiya, kin tambaye ni da safe. Ni ne fa."

Shi ya fita ya tare mini keke napep, shi ya riƙe mini jaka har na shiga. A wurin sunan hankalina bai kwanta ba, amma duk lokacin da zuciyata ta tashi sai in ce mata ai ɗan'uwana na can.

Da na dawo bayan la'asar, ina sa ƙafa a tsakar gida na hango sheƙar. Daga bakin ƙofa. Ban taɓa ganinta daga nan ba, sai na je ƙarƙashi na ɗaga kai. Yanzu ga ta a fili kamar an ɗora ta a kan tire, rana na dukan 'ya'yan, sun buɗe baki suna haki. Duk ganyen sama da na gefe babu. An share ƙasa tas, ko guda ba a bari ba.

Akwai wata 'yar haya a ɗakinmu na waje, mutuniyar kudu, tana sayar da kayan shayi. Madam muke ce mata. Ita ta leƙo.

"Hajiya, ka dawo? Brodanka ya tafi tun rana."

"Madam, wa ya taɓa bishiyar nan?"

"Shi mana. Ya hau turmi, ya ɗauko sizas na ɗinkinka, ƙyas ƙyas ƙyas. Na ce masa, Oga, Hajiya zai yi faɗa fa. Ya ce kai ka sa shi."

Na shiga ɗaki na tarar da almakashina a inda nake ajiye shi, an mayar da shi daidai. Na buɗe shi, bakinsa duk danƙon mangwaro.

Na kira shi. Yana cikin mota, ina jin kiɗa.

"Yaya, ɗan ganye ne fa na rage. Ban taɓa sheƙar ba, wallahi ko da yatsa."

"Ka ce wa Madam ni na sa ka."

"Don ta bar ni in yi aiki ne. Kin san surutunta."

"Tun jiya ka shirya? Shi ya sa ka matsa in tafi?"

Ya ce kowa na yin haka, ba a dai faɗa ne. Ya ce in na ga hoton zan manta. Ya ce iyayen ai suna ci gaba da kawo abinci, ya tsaya ya gani kafin ya tafi.

Na je bola na tsinto ganyen. Na hau turmin nan, na ɗaɗɗaura su da zare a saman sheƙar, iyayen suna ta kuka a kaina. Washegari kafin azahar sun yanƙwane sun nannaɗe. Na sake yanko ɗanye daga wani reshe na ɗaura, shi ma haka. Da aka yi ruwa mai iska, duk ya zube.

Daga nan na ajiye ɗinki na koma gadi. Na rasa inda zan tsaya. In na zauna kusa da sanda, iyayen ba sa sauka, sai su tsaya a sama da ƙwaro a baki, 'ya'yan na kuka. In na ja baya bakin ƙofar ɗaki, sai in ga hankaka ya sauka a kan katanga yana karkata kai. Haka na yi ta matsar da kujera, gaba, baya, gaba. Abinci ya ƙone mini. Wata mai ɗinki ta zo ta karɓe yadinta ta kai wa wani tela. Maigida ya daina tsokana, har shi ma yakan jefi katangar da dutse kafin ya fita aiki.

'Ya'yan sun fara fitar da gashi, har na fara sa rai. Ranar da abin ya faru Madam ta tafi kasuwa, yara na makaranta. Na jinkirta sallar azahar har na ji tsoron lokaci zai fita, sai na shimfiɗa darduma a bakin ƙofa inda zan ji motsi. Ina cikin raka'a ta biyu na ji iyayen sun ɗauki wani irin kuka, na ji fuka-fukai masu nauyi. Ban yanke sallar ba. Da na sallame na fito da gudu, sheƙar ta karkace, babu kowa a ciki.

Iyayen sun yi ta dawowa har yamma. Uban ya zo da ƙwaro, ya leƙa, ya tsaya, ya haɗiye abinsa. Bayan 'yan kwanaki ban ƙara ganinsu ba.

Na tura wa ƙanena saƙon murya na gaya masa. Ya amsa da cewa Allah ya sa haka ne mafi alheri, wai dama yawancin 'ya'yan tsuntsu ba sa kai wa ga tashi. Bai ce yi haƙuri ba.

Hoton kuwa ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Uban ya sauko da jelarsa a lanƙwashe, bakuna uku a buɗe, haske ya zuba a kansu ba abin da ya tare. Saboda shi aka gayyaci ƙanena wata ƙasar Turai. Maigida ne ya nuna mini bidiyon a wayarsa, yana fassara mini. Ga autanmu cikin babbar riga a gaban mutane, yana cewa ya samu hoton ne da haƙuri, ya zauna ya jira bai taɓa ko ganye ɗaya ba. Wai yayarsa ce ta koya masa tausayin tsuntsaye. Aka yi ta tafi. Maigida ya kai nan ya daina fassarawa, ya kashe wayar.

Da damina ta zagayo, ƙanena ya kira. Mun gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi ciwon bayana. Sai ya ce:

"Yaya, mutanenki sun dawo bana?"

"Ba zan gaya maka ba."

Ya yi dariya. "Wato sun dawo ke nan."

"Ban ce sun dawo ba, ban ce ba su dawo ba."

"Ni kike ɓoye wa?"

"Kai."

Ba mu yi faɗa ba. Yana zuwa gidan har yanzu, ina dafa masa dambun da yake so, ina yi masa addu'a in zai hau jirgi. Amma daga saukar ruwan fari har kaka, in ya zo a falon waje nake sauke shi, in saki labulen ƙofar da ke kallon tsakar gida. In zai yi alwala, ni nake kawo masa buta.